Me Ya Sa Wata Giya Ta Fi Wata Saurin Bugarwa?

A hutun da ya wuce an yi gayya a gonar kawuna. Tun da hantsi aka kawo tulu biyu na burukutu aka ajiye a gindin ɗorawa, dattawa suna noma suna kurɓa, har la'asar ba wanda ya kasa riƙe fartanya. Da yamma wani ƙanena, wanda bai sa kome a bakinsa ba tun safe, ya sayi 'yar kwalbar jin, ya gauraya da lemon kwalba, ya shanye a tsaye. Ba a yi rabin sa'a ba ya hau babur, ya kai wa magarya karo, ƙafa ta karye. Mutanen gari suka ce ai jin aljani gare shi, burukutu kuwa abinci ne. Da na komo makaranta na bi littattafan kiwon lafiya, ga abin da na samo. Na rubuta shi domin mu da za mu tsaya gaban yara, lalle wata rana wani zai tambaye mu.

Da fari dai ba wani aljani. Abin da ke bugarwa cikin burukutu da fito da bammi da giyar kwalba da jin da ogogoro duk abu guda ne, masana kimiyya suna ce da shi etanol, mu kuwa bari mu kira shi barasa. Bambancin farko shi ne yawanta. Giyar kwalba tana da wajen kashi 5 cikin 100, burukutu ma nan kusa ya ke, jin da wiski kuwa wajen kashi 40. Babbar kwalbar giya mai mililita 600 tana ɗauke da barasa mililita 30, watau daidai da jin mililita 75, wanda bai kai rabin kofin shayi ba. Mai kwalba zai daɗe yana kurɓa, mai jin kuwa haɗiya biyu ya gama.

Amma maganar ba ta tsaya nan ba. Barasa ba ta bukatar narkewa kamar tuwo. Kaɗan daga cikinta ne ke shiga jini ta tumbi, mafi yawa sai ta gangara ƙaramin hanji, can ne jini ke kwasarta da sauri ya kai ƙwaƙwalwa. Tsakanin tumbi da hanjin nan akwai wata 'yar ƙofa mai buɗewa da rufewa. In akwai abinci sai ta tsuke, tana sakinsa kaɗan kaɗan. In ciki wayam ya ke, sai barasa ta wuce ba mai tare ta. Tun 1919 wani likitan Ingila, Edward Mellanby, ya gwada wannan a jikin karnuka, ya ga madara tana jinkirta shigar barasa cikin jini. To, ashe mutanen garinmu ba su yi ƙarya duka ba. Burukutu kauri gare shi, da sauran dawa a ciki, ga shi kuma dattawan nan sun ci tuwo kafin su fita. Sai dai jinkirin nan shi ne yaudararsa, gama mutum ya kan ƙara ƙoƙo a kan ƙoƙo yana cewa bai ji kome ba, sai ya tashi tafiya ƙafa ta ƙi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ba mafi ƙarfi ne kullum ya fi saurin shiga jini ba. Barasa mai zafi ƙwarai ta kan harzuƙa tumbi, ƙofar nan ta yi jinkirin buɗewa. Wadda aka sirka har ta komo wajen kashi 20 zuwa 30 ita ce mai gudu. Iskar nan kuma mai tsirtuwa cikin soda da lemon kwalba ana ganin tana tura abin da ke cikin tumbi zuwa hanji. A 2007 aka buga wani gwaji da aka yi a Mancesta da mutum 21. Ashirin daga cikinsu jininsu ya fi saurin ɗaukar bodka da aka sirka bisa ga tsantsarta, 14 kuma abin ya ƙara sauri da aka sirka da ruwa mai iska. Mutanen ba su da yawa, ban ce a kafa doka a kansu ba, amma ya isa ya nuna kuskuren mai cewa lemo yana kashe ƙarfin jin. Ɗacin kaɗai ya ke ɓoyewa.

Bammi da ogogoro nasu dabam ne, domin ba a rubuta ƙarfinsu a jikin kome. Bammin safe zaƙi gare shi, barasarsa kaɗan ce, amma yana ta tsima, na yamma ba ɗaya ya ke da na safe ba. Ogogoro kuwa kowane madafi da nasa ƙarfi. Wani lokaci ma a kan sami wata guba a ciki, metanol, mai makantarwa da kisa, kamar yadda mutane da yawa suka mutu a jihohin Ondo da Ribas a 2015.

Shiga ke da hanyoyi iri iri, fita kuwa kusan duka aikin hanta ne, ita kuma ba ta gaggawa don kowa. Wajen giram 7 ta kan kawar a sa'a guda. Babbar kwalbar giya ɗaya tana da wajen giram 24, sai ta ci mata fiye da sa'a uku. Goro da kofi da wanka da ruwan sanyi ba su rage ko minti ɗaya, sai dai su buɗe wa mutum ido ya zaci ya warware.

Na sami kwalbar da ƙanena ya yar, na duba. Mililita 200 ce, an rubuta kashi 40. Na buga lissafi, barasar ciki wajen giram 63, kusan manyan kwalabe uku ke nan, aikin sa'a tara ga hanta. Shi kuwa ko rabin sa'a bai ba ta ba.