DARASI NA HUƊU: IN SABIS YA YI NAUYI A TSOHUWAR WAYA

A watan Agusta na 2001 aka fara aiki da wayar hannu ta GSM a Nijeriya. Daga wannan lokaci zuwa yau, waya ta tashi daga kayan ado ta zama kayan sana'a. A Dapchi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bursari ta Jihar Yobe, ɗan kasuwa yakan karɓi kuɗin hatsinsa ta waya. Mai busasshen kifi a Nguru yakan aika wa abokin cinikinsa na Kano hoton kaya, ɗalibi kuwa yakan cike takardar neman shiga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013. In intanet ya yi nauyi, ciniki yakan watse, ko ranar rufe rajista ta wuce. Nan take sai a ɗora wa waya laifi a ce ta tsufa, a sayar da akuya a sayi sabuwa, sa'an nan a tarar matsalar tana nan.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, laifin yana ɗaya daga wurare uku: ƙarfen sabis, ko layi, ko ita kanta wayar. Kada a kashe ko kwabo sai an gano wurin.

1. Gwajin farko

A cire layin a sa shi a wayar maƙwabci mai aiki sosai, a kuma sa layinsa a tsohuwar wayar, ana zaune a wuri guda. In layin ya yi sauri a wayar maƙwabci, to, tsohuwar waya ce ba ta da lafiya. In nauyin ya bi layin, wayar ta fita zargi. In kuwa duka biyu sun yi nauyi, sai a dubi ƙarfen sabis. Gani ya kori ji.

2. Ƙarfen sabis

Kowane ƙarfe yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, masu waya na wurin kuma raba shi suke yi. Shi ya sa ranar kasuwa, ko bayan sallar isha'i, intanet yakan ja jiki ko da sandunan sabis sun cika. Wanda yake da muhimmin aiki ya yi shi da asuba. Har ila yau katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna raunana sabis, don haka tsakar gida ta fi ƙuryar ɗaki.

Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin kowane mai gyara. A watan Mayu na 2013 an rufe sabis a Yobe da Borno da Adamawa saboda dokar ta-ɓaci, sai a watan Yuli aka maido da shi a Yobe. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, aiki ya yi nauyi a bankuna da wayoyi a sassan ƙasar nan. A irin wannan hali haƙuri ne magani.

3. Layi

A dubi harafin da ke saman fuskar waya kusa da sandunan sabis. Harafin E yana nufin tsohon tsarin 2G, wanda saurinsa bai kai rabin megabit a daƙiƙa ba. H ko H+ na 3G ne, 4G ko LTE kuwa ya ninka su. In kullum E ake gani, a shiga saitin waya a duba ko an ɗaure ta a kan 2G. In layin ya daɗe ƙwarai, watakila ba ya ɗaukar 4G, sai mai shi ya je ofishin kamfani da lambarsa ta NIN a sake masa wani, lambar wayarsa ba za ta canja ba.

Sa'an nan a tabbatar data ba ta ƙare ba. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta daidaita lambobin dukan kamfanoni: *323# don duba ragowar data, *312# don saye, 300 don magana da ma'aikatan kamfani.

4. Ita kanta wayar

Nan ne ya kamata a natsu, domin yawancin cututtukan tsohuwar waya ana warkar da su a gida.

Na farko, a kashe ta a sake kunnawa, ko a danna alamar jirgin sama na rabin minti, don ta sake neman ƙarfe mafi kusa.

Na biyu, cikar ma'ajiya. Hotuna da bidiyon da ke shigowa ta WhatsApp sukan cika waya har ta rasa inda za ta juya. A share na banza, a kwashe sauran zuwa katin memori, a hana wayar sauke bidiyo da kanta.

Na uku, manhajojin da ke aiki a ɓoye. Sukan sha data suna sabunta kansu daidai lokacin da mai waya ke ƙoƙarin tura kuɗi. A cire waɗanda ba a bukata, a sa masu sauƙi irin su Facebook Lite.

Na huɗu, zafi. Masu ƙera waya sukan nemi a yi aiki da ita a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a bazara zafin Nguru da Gashuwa yakan haura 40. Waya in ta yi zafi takan rage saurinta da kanta don kada ta lalace. Kada a bar ta a rana, kada a yi aiki da ita tana caji. Batirin da ya kumbura kuwa haɗari ne, a canja shi nan da nan.

Akwai abin da ba ya gyaruwa. Wayar da aka ƙera ba da 4G ba, babu saiti ko manhajar da za ta sa mata shi. Duk wanda ya karɓi kuɗi da alkawarin yin haka, cuta ce. Dabarar da ta rage ita ce a jona ta da waifai.

5. Waifai

Mai karɓar intanet daga ƙaramar na'urar MiFi, ko daga wayar wani, ya zauna kusa da ita, na'urar kuma a ajiye ta a sama kusa da taga. Waifai yana tafiya a zango biyu, 2.4 da 5 gigahaz, tsofaffin wayoyi da yawa kuwa na farkon kaɗai suke gani. In wayar ta ƙi kamawa, a umarce ta ta manta da wannan waifai, a sake sa lambar sirri. A riƙa canja lambar, domin in yaran unguwa goma suka hau, mai na'ura ne zai tashi a tutar babu.

6. Kai ƙara

In an bi waɗannan matakai aka tabbatar laifin na kamfani ne, a kira 300 a karɓi lambar ƙara a adana. In ba a biya bukata ba, a kira NCC a 622, kyauta ne. Tun 2013 kuma mutum yana da ikon komawa wani kamfani da lambarsa. Kafin ya koma, ya tambayi maƙwabta wane layi ya fi kamawa a unguwarsu, domin wanda ya yi kyau a Gashuwa ba lalle ne ya yi kyau a Dapchi ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne wurare uku ne laifi yakan ɓuya?
2. Mene ne bambancin E da 4G?
3. Wace lamba ake fara kira kafin 622?