Masu Gina Shafukan Intanet, a Fara da Na Gida

Matasan da ke gina wa mutane shafukan intanet tsakanin Mamudo da Potiskum sukan bar nasu a hargitse. Dillali daga kasuwar shanu ta Potiskum zai buɗe a wayarsa, ya tarar da hotunan ofis da dogon tarihin kamfani, farashi kuwa babu. Nan take zai rufe, don data kuɗi ce.

Gara a raba shafin gida huɗu: ayyukan da ake yi, waɗanda aka kammala, farashi, sai lambar WhatsApp. Waɗanda aka kammala a jera su bisa sana'ar masu su, makarantu daban, masu tirela daban, 'yan hatsi daban, kowa ya ga irin nasa.

Sunan kowane sashe ya zama gajere, da Hausa da Turanci. Kafin a saki, a gwada a ƙaramar waya.