Makin da Kwamfuta Ke Ba Kanta

Ɗalibai da yawa in za su sayi tsohuwar kwamfuta don wasanni, sai su duba makin da ta ba kanta, su ce shi ke nan. A yi hattara.

Kamfanin Microsoft ya fara sa wannan awo cikin Windows Vista. Kwamfuta tana gwada sassanta biyar, ta ba kowanne maki. A Windows 7, ta shekarar 2009, makin daga 1.0 ne zuwa 7.9. Amma babban makin da ake nunawa, mafi ƙanƙantan biyar ɗin ne. Kamar ɗalibi ne ya ci lissafi da kimiyya, ya faɗi zane, aka rubuta masa makin zanen kaɗai a katin sakamako. Saboda haka kwamfuta mai katin hoto mai ƙarfi, in faifan ajiyarta irin na dā ne mai juyawa, yawanci ba ta wuce 5.9, alhali wasa zai tafi a cikinta sumul. Aikin faifai galibi saurin buɗe wasan ne.

A 2013, cikin Windows 8.1, aka cire shafin makin. Kafin ka ba da kuɗinka, nemi sunan katin hoton, ka kwatanta shi da abin da masu wasan suka rubuta ana bukata. In mai sayarwa ya yarda, kunna wasan a gabansa har minti talatin, gama wata kwamfutar sai ta ɗauki zafi take soma sanɗa.