Sauya Babbar Manhaja a Ƙaramar Kwamfuta

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja. Ita ce take fara tashi idan ka kunna, ita ce kuma take tafiyar da allo da maɓallai da sauran manhajoji. Wadda aka fi sani a wajenmu ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka.

Akwai ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka masu araha, irin na hannu da ake samu a kasuwar Farm Centre ta Kano. Da yawansu ƙwaƙwalwar aikinsu, wadda masu gyara ke kira RAM, giga 2 ce kacal, rumbun ajiya kuma giga 32. Windows kaɗai sai ta cinye fiye da rabin rumbun. Ka kunna ka yi ta jira, ka buɗe shafi biyu ta sandare. Ba lalacewa ta yi ba, kayan raƙumi aka ɗora wa jaki.

Ga kuma wata matsala. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar da. Windows 11 kuwa ba ta zama sai a kan RAM giga 4 da rumbu giga 64. Abin takaici ne mutum ya yar da na'ura mai rai saboda haka, alhali akwai mafita.

Mafitar ita ce Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, kuma har yau kyauta ce. Iri-iri ce. Marasa nauyi sun haɗa da Lubuntu da Linux Mint Xfce. Idan kwamfutar ta tsufa ƙwarai, antiX ta fi dacewa da ita.

Kafin ka taɓa komai, kwashe hotunanka da takardunka ka adana a wani wuri. Sauya manhaja yana share rumbu tas, abin da ya tafi kuwa ya tafi.

Sai ka sauko da Linux daga shafin masu ita na intanet. Lubuntu ko Mint kan ci data kusan giga 3. Nemi filas mai giga 8 wanda babu komai a ciki, ka zuba Linux ɗin a cikinsa da wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus. Kashe kwamfutar, soka filas ɗin, kunna, ka yi ta danna maɓallin zaɓi tun allo bai gama haske ba. A HP F9 ne, a Dell F12, a Asus kuma Esc. Jeri zai fito, ka zaɓi sunan filas ɗinka.

Kada ka yi gaggawar girkawa. Linux tana iya aiki daga kan filas ba tare da ta taɓa rumbunka ba. Gwada Wi-Fi. Kunna wani karatu ko waƙa ka ji ko sauti na fita. Jona firinta idan kana da ita. Wasu ƙananan kwamfutoci a nan suke gardama, gara ka gani tun Windows ɗinka tana nan. Idan komai ya yi, jona caji, batir a cike, sannan ka danna girkawa, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya ɓata shi.

Gaskiya ɗaya: Microsoft Word da CorelDRAW ba sa hawa Linux kai tsaye. Mai shagon buga katin biki ya yi tunani tukuna. Amma mai rubuta wasiƙa da lissafin kanti, LibreOffice ta ishe shi, Firefox kuma na nan don shiga intanet. Har tsarin maɓallan Hausa akwai, mai ɓ da ɗ da ƙ.

Idan wannan ne karonka na farko, nemi wanda ya iya ya zauna kusa da kai, amma kai za ka riƙa dannawa da hannunka.