Amsoshin Tambayoyinku: Girka Debian a Kwamfuta

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya: ko zai iya girka Debian a kwamfutarsa alhali bai iya rubuta umarni ba?

Ƙwarai kuwa, Malam. Debian, manhajar tafiyar da kwamfuta wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, tana jero maka zaɓi ɗaya bayan ɗaya lokacin girkawa. Ka ɗora ta a filas, ka tayar da kwamfutar daga nan. Da maɓallan kibiya da Enter za ka zaɓi harshe, ƙasa, sunanka da kalmar sirri. Sai dai a yi hattara wajen rabon faifan ajiya: in ka zaɓi faifan gaba ɗaya, duk abin da ke ciki zai goge. Don haka ka kwashe hotunanka da takardunka tukuna.