Zawo a Jikin Yaron da Aka Yi wa Dashen Ƙoda

A Dogo-Dogo, idan yaro ya kama zawo, uwa takan ce haƙori ne ko ruwan damina, ta dama masa ruwan gishiri da sukari, kwana biyu ya warware. Yaron da aka yi wa dashen ƙoda ba a yi masa wannan jiran.

Dalili kuwa maganin da yake sha kullum. Tacrolimus da mycophenolate da prednisolone suna danne garkuwar jiki don kada ta yaƙi baƙuwar ƙoda. Mycophenolate da kansa yakan ƙwarzane hanji har ya kumbura. Ƙwayar CMV, wadda yawancinmu muke ɗauke da ita ba ta dame mu ba, takan farka a watannin farko bayan dashe ta yi wa hanji gyambo. Ga kuma ƙwayar cutar Cryptosporidium ta ruwan tabki da rijiyar da ba murfi.

Abin da iyaye suka fi mamaki shi ne, zawo yana ƙara yawan tacrolimus a jini. Kai kana ganin maganin ya bi bayan gida ya fice, alhali taruwa yake yi, yana cutar da ƙodar da rashin ruwa ya riga ya galabaita. Prednisolone kuma yakan ɓoye zazzaɓi da ciwon ciki, sai a ga yaro yana wasa a tsakar gida, ciwo kuwa ya yi nisa a ciki.

To, kada a dakatar da magani ko na yini ɗaya. Rage mycophenolate ko musanya shi da azathioprine aikin likita ne. A guji ƙwayar tsayar da zawo ta masu talla a kasuwa, da diclofenac da ibuprofen, da jiƙon sassaƙe, ko da kaka ce ta kawo. A tafasa ruwa, a haɗa SRO, wato ruwan gishiri da sukari, a riƙa ba shi kurɓi-kurɓi, a buga wa likitan dashen waya a ranar.

In an ga jini ko majina a bayan gida, ko zafin jiki ya kai digiri 38, ko fitsari ya ragu, ko amai ya hana magani zama, a kama hanya: Babban Asibitin Damagaram, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake dashen ƙoda tun 2002. Can za a auna aikin ƙoda da bayan gida, wataƙila a leƙa hanji da na'ura. A tafi da kwalayen maganin duka da takardar sallama, a kuma tuna ƙarfe nawa ya sha na ƙarshe.