Kafin ka sa wa tsohuwar bindigar soja samfefa

Aikina adana kayan tarihi na ƙarfe da katako a nan Ingila, kuma cikin masu kawo mini kaya akwai masu tara tsofaffin bindigogin da sojoji suka daina amfani da su. Roƙonsu kusan ɗaya ne: a mayar musu da bindiga yadda ta fito daga masana'anta. Nakan tambaye su, wace fitowar?

Ɗauki Lee-Enfield, mai cin harsashi goma, wadda dakarun Afirka ta Yamma, da Hausawa da yawa a cikinsu, suka riƙe a dajin Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Samfurin Mk III ya fito a 1907. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi zafi, sai aka rage mata wasu sassa don a riƙa ƙera ta da sauri, aka ƙara tauraro a jikin sunan. An ƙera ta a Ingila, da Lithgow a Ostareliya, da Ishapore a Indiya, kowa da irin katakonsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kwashe dubbai aka mayar masana'anta, aka sauya bututu ko ƙota, aka buga musu haruffan FTR, shaidar an yi musu gyara na gaba ɗaya. To bindigar da aka ƙera a 1917, aka gyara a 1953, wanne ne asalinta? Duka biyun aikin soja ne. Wanda ya cire ƙotar gyaran ya nemo ta 1917 a gwanjo ya liƙa, ya haɗa wata bindiga ce da babu sojan da ya taɓa saɓa ta a kafaɗa.

Haka Mauser K98k ta Jamus. Waɗanda Tarayyar Soviet ta ƙwace ta wargaza su, ta sake haɗawa ba tare da kula da lambar kowane sashe ba, ta buga wa da yawa alamar X. Masu saye kan raina su don lambobi ba su dace ba, alhali rashin dacewar shi ne labarin inda bindigar ta bi. A nan ne maguɗi ke shigowa: wasu dillalai na goge lambobin su buga sababbi masu dacewa, kuɗi ya ninka. Nakan gane ta wurin ƙarfen da ya lotsa kaɗan inda aka goge, da lambobin da suka fi sauran rubutun kaifi.

Abin da ya fi ɓata mini rai samfefa ne. Hatimin masu duba makamai da lambar runduna a jikin ƙota ba su da zurfi, shafa kaɗan sun tafi, kuma ba sa dawowa. Sai mutum ya bi da man sheƙi irin na kujerun falo, bayan sojan Ingila man linsid kawai yake shafa wa ƙotarsa. Bindiga ta yi kyau a ido, darajarta ta faɗi.

Ba cewa nake a zuba wa tsatsa ido ba. Jar tsatsar nan mai gari-gari tana cin ƙarfe, dole a tsayar da ita da mai da buroshi mai laushi, a rufe da kaki. Duhun da ƙarfe ya yi don tsufa kuwa a ƙyale shi. Tsagewar ƙota a ɗaure ta da gam da za a iya warewa gobe. Duk abin da aka cire, ko ƙusa ce, a ajiye shi da takarda mai bayani. Kafin komai kuma a tabbatar babu harsashi a ciki, don tsufa ba ya hana bindiga tashi.

Inda nake sassautawa shi ne bindigogin da aka riga aka yi wa illa. Bayan 1945 an sayar da tsofaffin bindigogin soja da araha a Amurka, mafarauta suka datse ƙota, suka huda ƙarfe don ɗora madubin hange. Irin wannan, in ka samo mata sassan zamaninta ka maido mata da siffa, madalla, muddin ka rubuta abin da ka yi kuma ka faɗa wa mai saye.

Ga 'yan uwa na gida, wannan ba sha'awar da za a kwaikwaya ba ce. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogin soja masu harsashin .303 da 7.62 cikin haramtattu, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Wanda ya tsinci irinta cikin kayan kaka tsohon soja, kada ya kai wa maƙeri. Ya sanar da 'yan sanda, ya kuma nemi a tuntuɓi hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ko za ta karɓe ta yadda take.